Littattafan soyayyar namiji da namiji: su wa ke karanta su, kuma me suke samu a ciki?

A ƙarshen watan Nuwamban 2025, wata tashar talabijin ta intanet a Kanada mai suna Crave ta fara nuna wani fim mai dogon zango, Heated Rivalry. Labarin wasu ƴan wasan hokin kan ƙanƙara ne su biyu, ɗaya ɗan Kanada, ɗaya ɗan Rasha. Duniya ta san su a matsayin abokan hamayya, alhali sun kwashe shekaru suna soyayya a ɓoye. Dukansu maza ne. Cikin ƴan makonni gutsattsarin fim ɗin suka cika TikTok da Instagram, littafin da aka ciro labarin daga cikinsa kuma, wanda marubuciya Rachel Reid ta fitar tun 2019, ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a Amurka.

Mai karatu na Yamai ko Maraɗi zai iya gane sunan gidan da ya buga littafin. Carina Press reshe ne na Harlequin, kamfanin nan mai ƙananan littattafan soyayya da Faransanci, waɗanda ƴan matan kwaleji da lise suka daɗe suna ba juna aro har bango ya yage. Kamfani irin wannan ba ya zuba kuɗinsa inda babu masu saye.

A nan Sahel matsayin jama'a a kan luwaɗi a fili yake. Malaman Musulunci da shugabannin coci sun haramta shi, al'ada ta ƙi shi, maƙwabtan Nijar kuma sai ƙara tsaurara doka suke yi: Najeriya ta kafa tata a 2014 mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, Mali ta saka shi cikin kundin laifuka a ƙarshen 2024, Burkina Faso ta bi sahu a Satumban 2025. Ba a ganin irin waɗannan littattafai a teburin mai sayar da littafi a kasuwa. Sai dai wayar salula ba ta tsayawa a shingen kwastan, kuma finafinan Tailan da na ƙasar Sin da aka gina a kan waɗannan labarai suna nan a YouTube, da fassarar Faransanci a ƙasan hoto. Uba ko malamin makaranta da ya ci karo da irinsu a wayar yarinya yakan ɗauka ya gane abin da ya gani. Sau da yawa bai gane ba. Mafi yawan masu rubuta waɗannan littattafai mata ne, mafi yawan masu sayen su ma mata ne, da yawansu kuma matan da sha'awarsu ke ga maza, wasu da aurensu da ƴaƴansu. Abin da ke jan su ya fi kusa da abin da ke jan mutum zuwa littafin soyayya na Kano fiye da yadda ake zato.

Katangar da ke tsakanin masoya

Littafin soyayya sana'a ce mai ƙa'ida. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta taƙaita ƙa'idar a sharuɗɗa biyu: soyayyar mutum biyu ta zama ita ce ƙashin bayan labari, sannan a ƙare da daɗi. Ke nan mai saye ya san ƙarshen tun bai buɗe shafin farko ba. Yaron da ake yi wa tatsuniya ma ya san Gizo zai kuɓuta, abin da ke hana shi barci shi ne jin ta wace dabara.

Wata malamar adabi a Amurka, Pamela Regis, ta fitar da littafi a 2003 inda ta lissafa abubuwa takwas da kowane littafin soyayya ke ɗauke da su. Biyu daga ciki su ne suka fi nauyi. Na farko katangar da ta raba masoyan. Na biyu lokacin da komai ya lalace, har mai karatu ya fid da rai, duk da ya san alkawarin da aka yi masa. Iya tsawon katangar, iya daɗin da ake ji in ta faɗi.

Marubutan Hausa ba su taɓa rasa katanga ba. Auren dole yana nan, ratar da ke tsakanin gidan mai kuɗi da gidan talaka tana nan, ga kishiya, ga uwar miji. In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya yi tashe a farkon shekarun 1990, a kan haka aka gina shi: ƴar masu hali tana son saurayi talaka, dangi na son a ba attajiri. Mai karatu bai buƙatar a yi masa bayanin haɗarin, domin ya ga irinsa a unguwarsu. Littattafan Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998 su ma daga irin wannan rijiya suke ɗiba.

Marubucin Paris ko New York na yau kuwa yana cikin matsala. Saurayi da budurwa da suka mallaki hankalinsu, kowa da aikinsa da ɗakinsa, in suna son juna babu kawu ko gwaggon da za ta hana. Saki ba abin kunya ba ne, bambancin dangi ya rage ƙarfi. Shi ya sa littattafai da yawa suka koma jingina da wani saɓani na banza wanda kiran waya ɗaya zai warware, a ja shi shafi ɗari uku. Mai karatu na lura, kuma yana gajiya.

Da aka sa maza biyu a tsakiyar labari, sai katanga ta dawo da tsayinta. A littafin Red, White & Royal Blue na Casey McQuiston, wanda ya fito a 2019 aka mai da shi fim a 2023, ɗan shugabar Amurka ne da wani yariman Ingila, ga uwar tana neman zaɓe karo na biyu, ga fadar sarauta da ba ta son abin magana. A Heated Rivalry abin da ke kan faifai shi ne aikin ƴan wasan, da kwangilar talla, da iyali, ga ɗan Rashan kuma ƙasarsa ta kafa doka a 2013 da ta hana tallata irin wannan alaƙa ga ƙananan yara. Masu bin ƙwallon ƙafa sun san cewa tsoron ba ƙirƙira ba ne. Justin Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ne baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan ɗaya a Ingila, a 1981. Ya bayyana kansa a 1990, ya sha tsangwama daga ƴan kallo da jaridu, ya kashe kansa a Landan a 1998 bayan an zarge shi da wani laifi a Amurka wanda ya musanta. Sai da aka yi shekara 32 kafin wani ƙwararren ɗan ƙwallo namiji da ke kan wasa a Birtaniya ya sake yin irin wannan bayani, wato Jake Daniels a 2022. Marubucin da ya ɗauki ƴan wasa biyu ya ce suna ɓoye soyayyarsu, ba sai ya wahala wajen gamsar da kowa dalilin ɓoyewar ba.

Labarin da a da yake ƙarewa da gawa

Ga mazan da labarin ya shafa kai tsaye, daɗin yana wani wuri dabam, kuma sai an koma tarihi ake gane shi.

Kusan duk tsawon ƙarni na 20, in littafi ko fim ya taɓo soyayyar maza biyu a Turai da Amurka, to ƙarshensa mutuwa ce, ko hauka, ko kurkuku. A The City and the Pillar na Gore Vidal, bugun 1948, jarumin ya kashe wanda yake so. James Baldwin, baƙin Ba'amurken da ya koma zama Paris, ya fitar da Giovanni's Room a 1956, labarin ya ƙare da hukuncin kisa. Ba duka ne zaɓin marubuta ba. Dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka tsaurara daga 1934 har zuwa 1968, ta hana nuna irin wannan alaƙa, masu buga littattafan araha kuma suna tsoron hukumar gidan waya ta kama kayansu, saboda haka sukan nemi a hukunta masoyan a shafin ƙarshe. Ko Brokeback Mountain, fim ɗin 2005 da ya ci kyautar Oscar uku, da mutuwa ya ƙare.

Marubucin Ingila E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, ya dage a kan cewa masoyansa biyu, wani ɗan boko mai hali da wani mai gadin dajin farauta, za su ƙare tare. Ya san abin da hakan ke nufi a ƙasar da dokarta ke ɗaure irin waɗannan mutane, sai ya ajiye rubutun yana nuna wa amintattu kaɗai. Ingila ta sassauta dokar a 1967, Forster ya mutu a 1970, littafin ya fito a 1971, shekara 57 bayan kammala shi. Da ya kashe ɗaya daga cikin jaruman, mai yiwuwa da an buga shi tun yana raye.

Wanda ya tashi yana karanta cewa irinsa ba ya ƙarewa lafiya, ranar da ya samu littafin da aka yi masa alkawarin kyakkyawan ƙarshe tun daga bango, abin da zai ji ya wuce nishaɗi. Abin da mai karanta Harlequin ya ɗauka ba komai ba, wato tabbacin cewa za a ƙare da daɗi, shi ne sabon abu a wurinsa.

To, su mata fa?

Nan ne tambayar ta fi wuya, kuma nan aka fi yin rubutu.

A 1984 wata mai bincike, Janice Radway, ta fitar da sakamakon zaman da ta yi da mata 42 masu karanta littattafan soyayya a wani gari na tsakiyar Amurka, yawancinsu matan aure masu ƴaƴa. Ta gano abu biyu. Karatun kansa hutu ne, sa'a ɗaya da mace ke cewa wannan tawa ce, kar a kira ni. Sannan abin da suka fi so a labarin shi ne namiji mai taurin kai a waje wanda daga baya yake yin laushi, ya kula da jarumar yadda ita take kula da kowa a gida ba tare da an kula da ita ba. Matar da ke sauraron karatun littafin Hausa a rediyo tana tsinke zogale ba za ta ce wannan baƙon zance ne ba.

Amma labarin namiji da mace yana zuwa da kayansa. Da zarar an ɗaura aure a shafin ƙarshe, mai karatu mace ta san abin da ke biye, domin tana cikinsa: wa zai bar aikinsa, wa zai shiga madafa, ciki da goyo, dangin miji. Sannan akwai jarumar kanta, wadda marubuci ya ba dogon gashi da siririn ƙugu, mai karatu na auna kanta da ita ko tana so ko ba ta so. In jarumar ta yi haƙuri da wulaƙanci, haushi ya kama ta. In ta yi tsiwa, ta san a zahiri ba haka za a ƙare ba.

A labarin maza biyu babu wadda za ta auna kanta da ita. Tana iya shiga zuciyar wannan, ta koma ta wancan, ko ta tsaya gefe tana kallo. Masoyan kuma sun shigo fili da matsayi ɗaya a idon jama'a, dukansu ƴan wasa, ko mayaƙa, ko likitoci. Ba wanda al'ada ta riga ta rubuta masa cewa shi ne zai bi. Duk abin da ɗaya ya sadaukar, zaɓinsa ne. Mata da yawa da aka tambaya sun ce wannan daidaito ne suke nema, kuma sun kasa yarda da shi in an rubuta shi tsakanin namiji da mace, saboda sun san duniya.

Akwai kuma wani daɗin da ba a cika faɗa ba. A littafin soyayya na gargajiya mace ce ke ɗaukar aikin zuciya: ita ke fassara shirun namiji, ita ke lallashi, ita ke fara kuka. In aka cire ta daga labarin, aikin bai tafi ba, sai dai babu mai yin sa sai namiji. Mutum biyu da aka rena a kan cewa namiji ba ya kuka, ba ya cewa ina tsoro, dole ɗayansu ya buɗe baki. Marubutan da suka iya sana'ar sukan jinkirta wannan lokaci har kusan ƙarshe, kuma shi ne shafin da masu karatu ke komawa su sake karantawa. Ƙari a kan haka, macen da maza ke burge ta, an ba ta jarumi biyu a kuɗin ɗaya. Lucy Neville, wata malamar jami'a a Ingila da ta tambayi mata fiye da 500 kafin ta fitar da littafinta a 2018, ta tarar wannan dalili mai sauƙi yana cikin waɗanda aka fi ambata.

Tarihin nau'in ma hannun mata ya nuna. A Japan, wasu matasan mata masu zanen labarai, irin su Keiko Takemiya da Moto Hagio, su suka fara shi a shekarun 1970 cikin mujallun ƴan mata, kuma wani fim ɗin Faransa na 1964, Les amitiés particulières, yana cikin abubuwan da suka ba su haske. A 1978 aka buɗe mujallar June don irin waɗannan labarai. Masu nazari sun ce a Japan ta wancan lokaci, jaruma mace ba ta da izinin yin ƙarfin hali ko bayyana sha'awa a labari, sai marubutan suka ara wa tunaninsu jikin namiji. A daidai wannan zamani, ba tare da sun san da juna ba, wasu mata a Amurka da Birtaniya masu kallon Star Trek suna buga nasu labaran da keken rubutu, suna haɗa jaruman shirin biyu, Kirk da Spock, suna aika wa juna ta gidan waya.

Sai dai batun daidaiton yana da iyaka. Littattafan Japan da yawa sun raba jaruman gida biyu, mai nema da wanda ake nema, dogo mai iko da ƙarami mai kunya, har da sunayen da ake kiran kowane matsayi. Wato miji da mata ne aka sake wa riga. Wanda ya ce nau'in ya kawar da fifiko gaba ɗaya, bai karanta da yawa ba.

Jira na shekara 13

Ƙasar Sin ce ta nuna cewa ƙarfin waɗannan labarai bai tsaya a ɗakin kwana ba. Can ana kiran nau'in danmei, ana kuma buga shi babi-babi a shafukan intanet irin su Jinjiang, wanda aka buɗe a 2003, mai karatu na biyan ƴan kuɗi kaɗan a kan kowane babi. Wannan tsari yana tilasta wa marubuciya ta iya jan rai, domin ranar da masoya suka daidaita, ciniki ya kusa ƙarewa.

Wanda ya fi shahara shi ne Mo Dao Zu Shi, na marubuciyar da ke amfani da sunan aro Mo Xiang Tong Xiu, wanda ya fito tsakanin 2015 da 2016 cikin babi fiye da 100. Labarin tsohon zamani ne na dangogin mayaƙa masu sihiri. Jarumin ya bi hanyar da aka haramta don ya kare wasu raunana, duniya ta juya masa baya, ya mutu da baƙin suna. Bayan shekara 13 ya dawo a jikin wani, ya tarar mutum ɗaya, wanda a da yake ganin kamar ya tsane shi, bai daina jimaminsa ba. Yawancin littafin yaƙi ne da binciken kisa da rikicin dangi. Soyayyar na tafe a ƙarƙashi, a cikin abin da aka yi ba a faɗa ba.

Da kamfanin Tencent ya mai da shi fim mai kashi 50 a 2019, da sunan The Untamed, hukumar tace finafinai ba za ta bari a nuna soyayya ba. Sai aka mai da su aminai. Babu sumba, babu furta kalmar so. Duk da haka fim ɗin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kallo a shekarar, ya fita har Netflix, fassarar Ingilishi ta littafin kuma ta shiga jerin jaridar New York Times na waɗanda aka fi saye a ƙarshen 2021. An cire abin da ake zaton shi ne kayan sayarwa, masu kallo ba su ragu ba. Abin da ya rage shi ne mutumin da ya tsaya tare da kai ranar da kowa ya gudu, kuma wannan tsohon jigo ne da mawaƙan kowace al'umma suka sani.

Wannan ba ya nufin duk littattafan haka suke. Nau'in yana da faɗi, daga Heartstopper na Alice Oseman, labarin zane na ƴan makaranta da aka fi saninsa da riƙe hannu da jin kunya, har zuwa waɗanda ke bayyana kwanciya filla-filla, kuma Heated Rivalry na cikin na biyun. A kantin littafi na Montreal ko Lyon akwai kanta ta manya, akwai ta matasa. Kwafin sata da ke yawo a Telegram da WhatsApp ba ya ɗauke da alamar shekaru. A nan damuwar iyaye tana da tushe, kuma irin damuwar ce da ake yi a kan wasu littattafan Hausa na batsa da ake sayarwa ta waya. Kano ta gwada maganin wuta a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a zamanin gwamna Ibrahim Shekarau. Rubutun bai mutu ba, ya koma waya, inda ido ya fi wuyar kaiwa.

Masu suka daga ciki

Ba masu addini kaɗai ke sukar nau'in ba. A 1992 wani ɗan Japan mai neman maza, Masaki Sato, ya rubuta a wata ƙaramar mujallar mata cewa waɗannan labarai sun mai da irinsa ƴar tsana: kyawawan samari marasa matsalar haya ko ta aiki, waɗanda ba su yi kama da kowa da ya sani ba. Muhawarar ta ɗauki shekaru, har yau kuma ana maimaita ta a Amurka duk lokacin da littafin wata mace ya yi kasuwa fiye da na mazan da ke rayuwar. Akwai wani zargin da ya fi wannan nauyi, cewa tsofaffin labaran da yawa suna nuna tilastawa kamar wata alamar tsananin so. Wannan aibi ne na gaske, kuma tsofaffin littattafan Harlequin ma ba su tsira daga gare shi ba.

Kuɗi dai bai saurari kowa ba. Tailan ta mai da abin masana'anta, daga Love Sick a 2014 zuwa 2gether a 2020, wanda zaman gida na korona ya kai shi ƙasashe da yawa ta YouTube. Yawancin finafinan daga littattafan intanet ake ciro su. A Janairun 2025 ƙasar ta fara aiki da dokar auren jinsi, ta farko a kudu maso gabashin Asiya.

Ƙasar Sin ta bi wata hanya. Neman jinsi ɗaya ba laifi ba ne a dokarta tun 1997, amma sayar da rubutun batsa laifi ne. A 2018 wata kotu a lardin Anhui ta ɗaure wata marubuciya mai sunan aro Tianyi fiye da shekara 10, saboda ta sayar da kwafi kusan 7,000 na littafinta, ta samu yuan 150,000, kimanin miliyan 12 na sefa. Hukuncin ya tayar da ƙura a ƙasar, inda mutane suka riƙa kwatanta shi da na wasu masu fyaɗe da suka samu ƙasa da haka. Daga 2021 hukumomi suka toshe hanyar mai da irin waɗannan littattafai fim, a 2024 da 2025 kuma ƴan sanda suka kama marubuta da dama, yawancinsu ƴan mata masu shekara ashirin da wani abu, da ke bugawa a wani shafi mai suna Haitang. A Turai ma, gwamnatin Hangari ta ci tarar wani kamfanin sayar da littattafai forint miliyan 12 a 2023, kusan miliyan 21 na sefa, don ya ajiye Heartstopper a sashen matasa ba tare da naɗe shi a leda ba.

A Afirka, littattafan da suka taɓo batun sun fi kama da na zamanin Baldwin. Walking with Shadows na Jude Dibia, da ya fito a Najeriya a 2005, labarin magidanci ne da asirinsa ya tonu, gidansa ya watse. De purs hommes na ɗan Senegal Mohamed Mbougar Sarr, bugun 2018, ya fara ne da bidiyon wata gawa da jama'a suka tono daga kabari. Littafin bai yi wani amo ba sai da marubucin ya ci kyautar Goncourt a 2021 da wani littafin dabam, sannan aka waiwayo shi, wasu da suka taya shi murna a Dakar suka janye. Waɗannan ba littattafan soyayya ba ne a ma'anar sana'ar, domin babu alkawarin daɗi a ƙarshensu.

Inda aka gwada ba da wannan alkawari, a kansa rigimar ta tsaya. Fim ɗin Kenya mai suna Rafiki, labarin ƴan mata biyu da aka ciro daga gajeren labarin marubuciyar Uganda Monica Arac de Nyeko, shi ne fim ɗin ƙasar na farko da aka nuna a bikin Cannes, a 2018. Hukumar tace finafinai ta Kenya ta hana shi. Mai shirya fim ɗin, Wanuri Kahiu, ta bayyana cewa abin da hukumar ta nema shi ne ta sauya ƙarshen, domin ya cika nuna fata, jarumar kuma ba ta yi nadama ba. Ta ƙi. A watan Satumba na shekarar wata kotu ta ɗage hanin na kwana bakwai kacal, don fim ɗin ya cika sharaɗin shiga takarar Oscar, gidajen sinima na Nairobi suka cika har aka ƙara lokutan nunawa. A rana ta takwas hanin ya dawo.